Magen Tsohon Duba-gari

Unguwar Sheshe, cikin birnin Kano
Lahadi, 25 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga Dakta Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, da yara in Allah Ya ba ku. An ce Jos ba ta rabo da sanyi. Mu nan zafi ne, bangon ɗaki ma in ka dafa sai ka janye hannu. Ni dai ga ni nan. Gwiwoyi ba sa son tsuguno, idon hagu ya yi hazo, sauran jiki yana bi in an lallaɓa shi.

Mai yiwuwa sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne Hambali, tsohon duba-gari, mijin marigayiya Hajiya Husaina, yayar kakanki Alhaji Naziru. Sau biyu muka haɗu. Na farko ranar sunanki, wanda ba za ki tuna ba. Na biyu kina 'yar firamare, kuka zo da mahaifiyarki, aka ba ki ruwa kika ture kofin, kika ce ruwan gidanmu warin hayaƙi yake yi.

Takardar ta'aziyyar da kika aiko a watan Nuwamba ta same ni. Ban amsa ba. Ba raini ba ne. Na sha ɗaukar alƙalami, ban sami abin faɗa ba. A jikin ambulan ɗin na ga adireshin asibitin dabbobin da kike aiki, shi ya sa na ajiye.

Abin da ya sa na rubuto shi ne mage. Hajiya ta bar wata mage, tana kiran ta Baƙuwa, domin da kanta ta shigo gidan shekara goma sha uku da suka wuce, ba ta sake fita ba. Ni ban taɓa son ta ba. A aikinmu an koya mana dabba ba ta kwana inda mutum yake kwana. Amma yanzu daga ni sai ita a gidan. Ba mu da ɗa, kin sani.

Kwana goma da suka wuce wani muzuru ya cije ta a ƙafar gaba. Wurin ya kumbura, ya fashe, yana wari. Maƙwabcina Ɗantani, mai fataucin dankalin Turawa, ya sa ta a kwando ya ɗauke mu a motarsa zuwa asibitin dabbobi. Yana tuƙi yana dariya, wai, “Duba-gari, yau kai ne da mage a cinya? Da ina da kyamara da na ɗauka na kai wa mutanen da ka fasa wa randa.” Likitan ya wanke ciwon, ya ce ya kusa taɓa ƙashi. Ya ba da wani maganin ruwa a kwalba, antibayotik, safe da yamma har sati uku, ya ce ko ta warke kada a tsaya.

Ciwon ya fara bushewa. Amma tun kwana na uku da fara maganin take gudawa, ruwa tsantsa, sau biyar ko shida a wuni. Ta rame. Ba ta hawa katanga. Ina ba ta madarar gari da na dama, tana lasa kaɗan ta bari. Na rasa wanne zan bi. In na tsayar da magani ƙafa ta ruɓe, in na ci gaba ciki ya ƙarar da ita.

Ɗantani yana zuwa Jos duk Litinin, ya dawo Alhamis. Shi zai kawo miki wannan. In akwai abin da kika sani, ki ba shi. In babu, ba komai.

Naki,
Hambali


Jos
Laraba, 28 ga Afrilu, 1999

Baba Malam,

Wa alaikumus salam. Wallahi da Alhaji Ɗantani ya miƙo min takardar nan sai da na zauna. Na gane ka mana. Kuma ruwan gidanku da gaske warin hayaƙi yake yi, ban janye ba. Muna lafiya, maigida yana gaishe ka, yara biyu ne, duk mata. Ka ce idonka ya yi hazo, an duba kuwa? Hajiya ta tafi ta bar min kai, ni kuma ba na son ango mai ido ɗaya, ka je a gani.

To ga maganar Baƙuwa. Kada ka tsayar da maganin kwalba, likitan ya yi daidai. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin hanjin kowace dabba, har mu mutane, akwai ƙwayoyi masu amfani da ke zaune suna taimakon narkar da abinci. Antibayotik ba ya tantancewa. Yana kashe na ciwon ƙafa, yana kashe na hanji tare, shi ya sa ciki ya ɓaci.

Na ba Alhaji Ɗantani ƙananan fakiti talatin na wani farin gari. Ana ce masa furobayotik. Ba magani ba ne irin wanda ka saba. Ƙwayoyi ne masu rai, irin na hanjin nan, an busar da su, in sun shiga ciki sai su farka su maye gurbin waɗanda suka mutu. Fakiti ɗaya kullum. Kada ka haɗa shi da na kwalba lokaci guda, in ba haka ba na kwalbar zai kashe su tun a hanya. Ka ba da na kwalba bayan asuba, wannan kuma da hantsi sosai, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya. Ka barbaɗa a ɗan abinci, ko ka dama da ruwa cokali biyu ka ɗura mata da sirinjin da na sa a ciki, na cire allurar. Kada ya haɗu da zafi. Na san ba ku da firij, ko da akwai ma ina wutar, to ka ajiye su a gindin randa.

Madara kuma ka daina. Manyan maguna da yawa ba sa iya narkar da ita, ƙara gudawar take yi. Ka sa a dafa mata tsokar kaza ko kifi ba mai, ba yaji, ba albasa, a dagargaza. Ruwan sha ya zauna kusa da ita kullum. Kowace safiya ka ɗan ja fatar bayan wuyanta ka saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda, ruwan jikinta ya yi ƙasa, a mayar da ita asibiti.

Ka rubuto min duk abin da ka gani. Na san duba-gari bai rasa iya rahoto.

Jikarka,
Mardiya


Sheshe
Lahadi, 2 ga Mayu, 1999

Mardiya,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso ranar Alhamis da la'asar, fakiti talatin cif da sirinji. Allah Ya saka. A gaida maigida da yaran. Wasan da kika yi na gani. Da Hajiya na nan da ta rama miki, ni ban iya ba. Ido yana nan yadda yake.

Ga rahoto. Na fara ranar Juma'a. Na kwalba ƙarfe shida na safe da shida na yamma. Na gari ƙarfe goma da rabi, da agogo nake dubawa. Ina haɗa shi da ruwa kamar yadda kika ce, ina bari ya huce sosai kafin in ɗura mata, don kada ya ƙona mata baki. Tana haɗiyewa, ba ta da ƙarfin gardama. Fakitin suna gindin randa cikin gwangwanin da na wanke.

Madara na daina. Talatu, matar gidan da ke jikin namu, wadda take aiko min da tuwo tun rasuwar Hajiya, ita na roƙa ta dafa kifin. Ta kawo da kanta, ta tsaya a bakin soro tana cewa, “Malam, ni shekara ashirin ina aure ba a taɓa dafa min kifi ba mai ba yaji don lafiyata ba. Ko in koma mage ne?” Na ce mata ta ajiye a nan. Ta ce, “Kai ma ka ci, ka fi magen ramewa.” Baƙuwa ta ci kamar cokali uku.

Gudawa: Juma'a sau biyar, Asabar sau biyar, yau zuwa azahar sau uku. Ina bi ina zuba toka, ina kwashewa, ina wanke wurin da ruwan zafi. Fatar wuya tana komawa, amma a hankali. Ƙafa ta fi kyau.

Ban ga canji ba tukuna. Ban san kwana nawa ake jira ba.

Hambali

Ƙari, Lahadi 9 ga Mayu. Takardar nan ba ta tafi ba. Ɗantani bai sami fetur ba, kwana huɗu motarsa tana layi a gidan mai, ya fasa tafiyar. Gobe ya ce zai tafi. Ya ce in farar hula suka karɓi mulki ƙarshen wata, fetur har a kwata za a riƙa zubarwa. Na ce masa na ga na shekarar sittin, na ga na saba'in da tara. Ya ce, “To ka tsaya ka ga na ukun, Duba-gari, kada ka yi mana saurin tafiya.”

Gudawa ba ta ragu ba. Kwana goma ke nan ina ba da garin, ban tsallake ko ɗaya ba. Mun koma asibiti ranar Alhamis da ƙafa, ina riƙe da kwandon, Talatu tana riƙe da ni. Likitan ya ce ciwon bai rufe daga ciki ba, ya ƙara sati biyu na maganin kwalba. Ya yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata. Yanzu in na ɗauke ta kamar na ɗauki hula. Wuni take a kwance a gindin randa. In na kira ta tana ɗaga kunne ɗaya.

Ina ganin garin nan bai karɓe ta ba. Ba laifinki ba ne.


Jos
Talata, 11 ga Mayu, 1999

Baba Malam,

Gaisuwa a taƙaice, ka yafe min, a tsaye nake rubutun nan a bakin kasuwar dankali, Alhaji Ɗantani yana lodi. Muna lafiya.

Na karanta takardarka sau biyu a ofis, ban ga komai ba sai cewa abin bai yi aiki ba, har na fara tunanin ko garin ya lalace a hanya. Sai da na zo gida ina tafasa wa yara ruwa na tuna layin nan naka. Ka ce kana bari ya huce. Baba, me zai huce? Ruwan randa ba ya hucewa. Sai na tuna ruwan gidanku da warin hayaƙi.

Tafasa shi kake yi, ko?

Don Allah in haka ne ka daina daga yau. Da na ce kada ya haɗu da zafi, ba bakin mage nake ji wa tsoro ba, ƙwayoyin nake nufi. Rai gare su. In suka shiga tafasasshen ruwa sun mutu gaba ɗaya, abin da kake ɗura mata bai fi ruwan alli ba. Laifina ne, da na bayyana sosai, na manta wa nake rubuta wa. In kana so ka tafasa ruwan shi kaɗai, tafasa, ka bar shi ya yi sanyi ƙalau kamar na randa, sannan ka zuba garin, ka ba ta nan take. Amma garin kansa kada ya ga wuta.

Na san abin zai yi maka nauyi. Mama ta sha ba mu labarin yadda kake shiga gidaje da ludayi kana leƙa randuna, mata suna ɓoye tulu a ƙarƙashin gado. Abin da aka koya muku gaskiya ne, ya kuma ceci mutane da yawa. Amma ba duka ƙwayoyi ne abokan gaba ba. Kindirmon da kake sha, su ne suke kama shi.

Tunda an ƙara mata sati biyu na antibayotik, yanzu ne ta fi bukatar garin. In ta ƙi cin kifi, a gwada romon kaza marar gishiri, a ɗura kaɗan-kaɗan. Shekarunta sun ja, ba zan ɓoye maka ba, mage mai shekara goma sha uku ba ta da ajiyar ƙarfi da yawa. Amma ba a makara ba tukuna, in ka fara yanzu.

Ka amsa min ko da layi biyu ne.

Mardiya


Sheshe
Lahadi, 16 ga Mayu, 1999

Mardiya,

Na gaishe ki. Jiki yana nan. An yi yayyafi ranar Laraba, bai jiƙa ƙasa ba.

E, tafasawa nake yi. Minti biyar da agogo, a ƙaramar tukunya, a kan risho. Kwana goma sha huɗu.

Kin ce laifinki ne. Ba naki ba ne. Takardarki ta farko a fili take. Na karanta wurin da kika ce ƙwayoyi ne masu rai, na sake karantawa, na cire tabarau na goge na kuma karantawa. Da na zo kan maganar zafi sai na ce wa kaina yarinyar nan ƙuna take gudu. Na zaɓi in fahimta haka ne domin ya fi min sauƙi. Can ƙasan raina na san abin da kike nufi.

Ina da shekara goma sha tara aka kai ni makarantar duba-gari. Satin farko malaminmu ya ɗebo ruwan kududdufi, ya ɗiga a gilashi, ya sa muka leƙa ta madubin da ke girmama abu. Na ga suna iyo. Kwana biyu ban iya shan ruwa ba. Ya ce mana aikinku ɗaya ne har ku mutu, duk inda kuka san suna nan ku kashe. Na yi shekara talatin da biyar a kan haka, daga Jakara zuwa Shahuci babu rijiyar da ban leƙa ba.

Akwai kuma abin da ba na jin an taɓa gaya miki. Mun haifi ɗa, Fa'izu. Yana da shekara biyu Hajiya ta tafi da shi biki ƙauye, aka ba shi ruwan tafki. Gudawa ta kwana uku. Ni da nake fasa randunan mutane, nawa ɗan ne ya tafi ta wannan hanya. Ban taɓa yi wa Hajiya magana a kai ba, ita ma ba ta yi min ba. Amma daga ranar babu abin da ya shiga bakin kowa a gidan nan sai ya bi ta wuta. Kindirmo da kika ambata, ban sha ba tun shekarar. Ga mage tana irin gudawar, ga ki kin aiko min da ƙwayoyi a fakiti kin ce in ɗura mata da hannuna.

Takardarki ta zo Alhamis da yamma. Ranar Juma'a ban ba da garin ba. Na yaga fakitin, na zuba a kofi, na zauna ina kallo har aka kira salla. Talatu ta shigo da abinci ta tarar da ni. Na gaya mata. Ta ce, “Yau na ji ikon Allah. Likita ta ce kar a dafa, kai ka dafa. Malam, in an ba ka ƙwai ka sa wa kaza ta kwanta a kai, shi ma sai ka soya tukuna?” Ta miƙo hannu za ta karɓa ta ba ta da kanta. Na hana. Na ce in za a yi, ni zan yi.

Jiya Asabar na yi. Ruwa mai sanyi cokali biyu, gari, sirinji. Rabi ya zube a gemunta, ta lashe. Yau ma na yi, bai zube ba. Bayan kowanne na wanke hannu sau uku da sabulu, wannan ba zan iya bari ba.

Ba ta mutu ba. Gudawa jiya sau biyar, yau sau huɗu zuwa yanzu. Ban san ko wannan canji ne ba.

Hambali


Jos
Laraba, 19 ga Mayu, 1999

Baba Malam,

Assalamu alaikum. Mun gaishe ka, yara sun ce a gaida mage. Ban san labarin Fa'izu ba. Mama ma ban jin ta sani. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya jiƙan Hajiya.

Abin da ka yi ranar Asabar ba ƙarami ba ne. Ka ci gaba haka, kullum, har bayan an gama na kwalba. Wanke hannu kuma ka yi ta yi, ba wanda ya hana.

Ina so ka ji wannan da kyau. Tafasawar ba guba ta zama ba, ba ta ƙara mata ciwo ba, taimako ne kawai bai isa gare ta ba. Kuma ko da ya isa tun ranar farko, ba ni da tabbacin da zai tsayar da gudawar. Wasu yana yi musu aiki, wasu ba ya yi. Kada ka ɗora wa kanka abin da ko ni ban sani ba.

In fatar wuya ta tsaya, a koma ƙarin ruwa. Ina neman hutu ƙarshen watan gobe, in an ba ni zan zo da yaran su ga birni, in kuma kai ka a duba idon nan. Ka tanadi ruwa, ko mai hayaƙin ne zan sha.

Jikarka,
Mardiya


Sheshe
Lahadi, 30 ga Mayu, 1999

Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yaran. Makon jiya ban rubuto ba, ina jira in ga inda abin zai tsaya. Ni lafiya lau. An yi ruwa sosai ranar Talata, ɗakin Hajiya yana yoyo ta kusurwa, na sa bokiti.

Baƙuwa ta mutu ranar Juma'a da hantsi.

Ga yadda aka yi. Kwana biyar da fara ba ta garin ba tafasawa, gudawa ta ragu zuwa sau biyu. Rana ta bakwai ta yi kashi mai ƙarfi, irin na lafiya. Na tsaya a kansa na daɗe ina dubawa, har Talatu ta leƙo ta katanga ta ce, “Malam, zinariya ka tsinta?” Ta ci kifi ranar, ta fito tsakar gida ta kwanta a rana. Maganin kwalba ya ƙare, ƙafa ta rufe. Gudawa ba ta dawo ba har ƙarshe. Garinki ya yi aiki, ina so ki san wannan.

Amma babu abin da ya rage a jikinta. Ranar Litinin ta daina ci. Fatar wuya in na ja sai ta tsaya. Ɗantani ya fasa tafiya Jos ya kai mu asibiti, aka yi ƙarin ruwa. Likitan ya taɓa bayanta ya ce yana zaton ƙoda ce ta gaji, tsufa ga kuma rashin ruwa na wata guda. Na tambaye shi, da gudawar ta tsaya sati biyu kafin haka fa? Ya ce Allah ne Ya sani. Haka ke ma kika ce. Na karɓa daga gare ku duka biyu. Amma ni na yi aikin rahoto, na san kwana goma sha huɗu kwana goma sha huɗu ne. Ba sai kin sake rubuto min a kan wannan ba.

Ranar Juma'ar na dama garin ƙarfe goma da rabi kamar kullum, na zo gindin randa, na tarar ta riga ta tafi. Ɗumi bai bar jikinta ba. Na zauna a wurin da sirinji a hannu. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Haka ma na yi ranar Hajiya, mutane suna ta cewa Malam akwai tawakkali. Ɗantani ya haƙa rami a bayan ɗaki, mai zurfi, na tsaya a kansa sai da ya kai ƙafa uku. Bai yi min wasa ba ranar. Talatu ta wanke kwanon ta kife.

Jiya aka miƙa mulki. Kowane gida rediyo a buɗe, ana ta buga ganga ta wajen Shahuci. Ɗantani ya zo da tasa rediyon ya zauna da ni a soro, wai kada in ji a bakin wani. Na saurara har aka gama.

Bayan wanda na dama ranar Juma'a na zubar, fakiti biyu suka rage a rufe, sai wanda na yaga ranar da na kasa ba ta, na mayar da garin ciki na naɗe. Uku ke nan. Na ɗauko gwangwanin zan zuba a masai, na kasa. Kin ce rai gare su, kuma zafin nan ba zai bar su su kai ƙarshen watan gobe ba. Ba ni da wata dabbar. Na tambayi Talatu ko akuyarta, ta ce akuyarta lafiyarta ƙalau, kada in ja mata.

Yau da hantsi na ɗebi ruwa a randa, na yaga ɗaya na zuba, na dama da cokali, na yi bismilla na shanye. Yana da ɗan tsami kaɗan. Na zauna a kan tabarma ina duba agogo har awa biyu. Ba abin da ya same ni.

Saura biyu. Gobe ƙarfe goma da rabi zan sha ɗaya.

In an ba ki hutun, ku zo. Ɗakin da ba ya yoyo zan share muku.

Naki,
Hambali